Masu sare icce da na ɗauka a Birnin Kebbi: aiki ya yi kyau, amma a yi maganar kututture tun farko

Mutane sun yi ta tambayata su wa sunka sare mana dogon yaron gidanmu na Badariya ba tare da ko kwano ɗaya ya lotse ba, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda abin ya kasance, da daɗinsa da inda ban ji daɗi ba, ko wani zai amfana kafin iskar farkon damina ta taso.

Itatuwa uku ne a gidan, dogon yaro biyu da mangwaro. Dogon yaron da ke bayan gidan shi ya zame mana matsala, saiwarsa ta tsaga katanga tun daga ƙasa har ta fara taɓa sokawe, ga wani ƙaton reshe kwance saman ɗakin Inna, ga wayar wuta ta ratsa ta cikin rassan ta shigo gida. Duk wanda ya san iskar Mayu da Yuni a garin nan, wadda ke tahowa da jar ƙura kafin ruwa ya sauka, ya san ba a barin tsohuwa ta kwana ƙarƙashin irin wannan reshe.

Waɗanda aka fara kawo mani samari ne da inji sabo fil, ko ɗaga kai ba su yi ba sai maganar kuɗi, wai za su yanke daga gindi su ja da igiya ya faɗi lungu. Lungun da a-kori-kura ma da ƙyar take shiga, ga yaran makarantar allo na wucewa kullum! Na sallame su.

Na biyu wani dattijo ne da maƙwabcinmu ya haɗa mu, shi da yaransa. Wallahi tun daga yadda ya duba iccen na natsu. Ya kewaya shi, ya tona gindin da ƙafa, sannan ya karɓi gatari ya juya bayansa ya rinƙa bugawa yana kara kunne. Ya ce, "Alhaji, matso ka ji. Wanga icce cikinai ya ƙare, gara ta cinye shi." Na matsa, ai kuwa ƙara yake kamar ganga. Ya je ya bugi na tsakar gida, wannan tim yake, cike. Ƙanena ya so a kawar da duka biyun saboda ganyen da ke toshe makwararar ruwa, dattijon ya ce a'a, wancan lahiya lau yake, aski kawai za a yi mai. Mutumin da in ya sare biyu kuɗinsa zai ƙaru, amma shi ke hana mu. Kuma gaskiyarsa, garin da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, wuta kuma ba tabbas, inuwar nan ita ce falon Inna, can take tsinkar zogale, can jikoki ke barcin rana. Dogon yaro asalinsa daga Indiya aka kawo shi amma ba iccen da ya riƙe garuruwanmu kamarsa, yana jure fari, kuma lokacin bazara da ake neman inuwa ido rufe shi yana nan kore.

Wani abin da ya burge ni, ya ce ba ya kunna inji sai an sanar da malaman daji an karɓo takarda. Na je, ba a wahalar da ni ba, sai dai an ja kunnena in dasa wani a madadinsa, kuma ban ga laifinsu ba tunda Kebbi na cikin jihohi 11 na arewa da ake aikin shingen itatuwa don tare hamada, kowa kuma yana ganin yadda gawayi da itacen girki ke cinye daji. Shi ne kuma ya ce a kira ma'aikatan wuta su cire wayar tukuna, kada mu yarda da cewa ai an ɗauke wuta, don ba ka san minti da za a maido ba.

Mun yi jinga a kan naira dubu 60, sarewa da aski, fetur da baƙin mai nasu. Na ɗan yi ƙorafi ya ce, "Alhaji, tunda anka cire tallafi a 2023 injin ga shi ka cin rabin kuɗin." Kuɗin mai kawai na ba da kafin alƙalami, sauran sai da aka gama.

Aikin kansa abin kallo ne. Daga sama sunka fara, ba daga gindi ba. Wani siririn yaro ya hau da igiya a ƙugu, ya rataya wata igiyar a gwafar da ke samansa, ya ɗaure reshen da za a yanke, mutum biyu na ƙasa riƙe da ɗaya bakin. Sai ya fara tsagawa kaɗan ta ƙasan reshen kafin ya yanke ta sama, na tambaya dattijon ya ce don kada reshe ya ɓalle ya yage ɓawo ya tafi inda ba a so. Reshen saman ɗakin Inna gunduwa-gunduwa aka sauke shi, kowace gunduwa na lilo a igiya ana sassauta mata a hankali har ta taɓa ƙasa, dattijon na tsaye yana ta "saki kaɗan, riƙe, riƙe!" Inna na ƙofar kicin da carbi, ta ƙi shiga ciki duk da ya ce, "Hajiya, dan Allah ki koma daga ciki." Da aka zo gangar jikin munka ga ramin, hannuna ya shige har gwiwar hannu, cike da jar ƙasar gara.

To ga inda ban ji daɗi ba. Yaron nan ba hular kwano, ba tabarau, ƙafa ba takalmi, garin katako na shiga idonsa yana murzawa da hannu ɗaya, inji na ɗaya hannun yana aiki. Cikina ya ɗuri ruwa, na ce a tsaya ya wanke ido. Na yi wa dattijon magana sosai, ya ce sun saba, ni kam ban karɓi wannan ba, ɗan mutane ne, kuma in wani abu ya faru a gidana zai faru.

Sai maganar icce. Ana gamawa na ga sun kira mai amalanke sun fara lodi, wai a wurinsu iccen na mai sarewa ne in ba a faɗa ba. Inna kuwa ta riga ta ƙirga itacen girkinta na wata da watanni. An ɗan ja, daga baya aka raba, su sunka ɗauki manyan gunduwa mu munka riƙe rassa, na kira mai faskare daban. Ganye da ƙananan ƙirare kam sun share tas, ba zan ci haƙƙinsu ba.

Babba shi ne kututture. Sun bar shi ya kai gwiwa, sunka ce tono ba ya cikin jinga, sai an ƙara. Dogon yaro kuma ba ya mutuwa don an sare shi, ruwa na sauka ya fara tofo ta ko'ina, har ta jikin saiwar da ke gindin katanga, wato abin da ya sa aka yi aikin yana nan da ransa. Wasu sun ce in huda shi in zuba baƙin mai, na ƙi, rijiyarmu na kusa kuma ita muke sha. Ƙonawa ma ba ta yiwuwa jikin katanga. Magini ya ce ba zai taɓa gyaran katangar ba sai an tone saiwar, don haka na koma wajen dattijon, wannan karon a gaban maƙwabcin nan munka faɗi komai baki da baki, tono, cike rami, kwashe ƙasa, da wanda zai biya in bututun sokawe ya fashe. Mangwaron ma shi zai rage mai rassa, amma ya ce a bari ya gama 'ya'ya tukuna.