Kwas ɗin sabunta lasisi na masu saka na'urar ji: darasi ɗaya ne ya fanshe shi

Da a ce darasin awon sauti a cikin kunne shi kaɗai suke sayarwa, da na ba su cikakken maki ba tare da dogon tunani ba. To amma an ƙulle shi ne tare da sauran, kuma sai ka cika awannin duka kafin a sakar maka takardar da za ka kai wajen sabunta lasisi. Kwas ne na intanet, irin wanda mu masu gwada ji da saka wa mutane na'ura muke rububinsa idan wa'adi ya ƙarato. Kuɗinsa kun sani, tsarinsa ma kun sani: ka kalli bidiyo, ka amsa tambayoyi, a ƙirga maka awa.

Jerin batutuwan wanda aka saba ne: tsafta da kare yaɗuwar cuta, ɗa'ar aiki da doka, ɗaukar zubin kunne, ƙugin kunne, sababbin na'urori da sauransu. Ban sa ran wani abu ba, sai da na iso darasin awon nan.

Malamar ba ta fara da karanto rubutu daga allo ba. Mutum ta zaunar a kujera, ta saka masa na'ura, ta danna saitin farko da manhajar kamfani take bayarwa, wanda kowannenmu ya san sauƙinsa. A kwamfuta komai ya yi kyau, layin sautin na'urar ya hau kan layin da ake son a kai. Sannan ta zura siririn bututun nan mai haɗe da makirfo cikin ramin kunnensa, ta kunna magana daga lasifika, ta ce mu kalli abin da yake isa dodon kunne da gaske. A sautuka masu kauri babu laifi. Daga 2000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, yawan lambar sirantar sautin) layin ya fara sulluɓewa ƙasa, kafin a kai 4000 Hz tazarar ta fito fili, ba sai an nuna maka da yatsa ba. Nan ne kuma baƙaƙe irin su s da sh da f suke zaune, waɗanda idan suka ɓace mutum zai ce yana jin murya amma ba ya gane abin da ake faɗa.

Bayanin dalilin ne ya fi kama ni. Manhaja da matsakaicin kunne take lissafi, alhali ba wanda yake yawo da matsakaicin kunne. Ramin kunnen babban mutum da kansa yana ƙara wa sauti ƙarfi da kusan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 15 zuwa 20 a wajajen 2700 Hz, kuma da zarar ka cusa wani abu a ciki wannan ƙarin ya canza. Faɗin ramin da tsawonsa da lanƙwasarsa duk sun bambanta daga wannan zuwa wancan. Ga shi kamfanoni sukan sassauta siraran sautuka a saitin farko don kada sabon mai sakawa ya tsorata ya mayar da kaya. Saka na'ura ba awo daidai yake da tela ya ɗinka wa mutum riga bai taɓa ɗora masa tef ba.

Daga nan ta shiga ƙananan abubuwan da littafi yakan wuce da sauri. Bakin bututun ya tsaya bai fi milimita 5 daga dodon kunne ba, wanda a manya yakan kama kimanin milimita 28 zuwa 30 daga bakin kunne. Idan ya gaza haka, awon siraran sautuka zai yaudare ka, ka yi ta ƙara abin da ba ya buƙatar ƙari. A gwada da murya ƙasa-ƙasa, da ta hira wato desibel 65, da mai ƙarfi, ba mataki ɗaya kawai ba. Sautin gwajin da take kunnawa, ISTS, an harhaɗa shi ne daga muryoyin mata masu magana da harsuna 6, har da Larabci da Faransanci da Sinanci, don ya ɗauko yanayin magana ba tare da ya jingina ga harshe ɗaya ba. Mizanin da ake bi kuwa, wato lissafin ƙarfin sautin da ya dace da raunin jin mutum, ko dai NAL-NL2 na Ostareliya da ya fito a 2011, ko DSL na Kanada da aka fi amfani da shi ga yara, kuma burin shi ne kada ka kauce masa da fiye da desibel 5. Ta kuma tsaya sosai a kan buɗaɗɗen saiti, wato wanda ba ya toshe ramin kunne gaba ɗaya, inda sautin na'ura yake zubowa waje ya ruɗa makirfon da ke daidaita lasifika. Maganinsa shi ne a daidaita lasifikar yayin da na'urar jin take kashe, a ajiye wannan awon, sannan a kunna ta. Wannan bayanin kaɗai ya warware mini abin da na daɗe ina gani a wasu awo ban gamsu da shi ba.

Ba a jima ba wani dattijo ya zo wurina tare da ɗansa. Na'urorin a aljihun ɗan suke, ba a kunnen uban ba. A wani wuri aka saka masa su, masu kyau ne kuwa, ba na banza ba. Na tambayi dattijon me ya sa ya ajiye su, ya ce, "Ɗana, ƙara nake ji, ba magana ba." Na duba kunnuwan, babu datti, na zura bututu na auna. Sautuka masu kauri sun kai mizani har sun ɗan haura, siraran kuwa sun gaza da fiye da desibel 10. Ke nan an ƙara masa rugugin mota da fanka, an bar shi ba baƙaƙe. Na sauya 'yar robar bakin na'urar da wadda ta fi rufewa don kada ta yi fito, na rage sautuka masu kauri, na ɗaga siraran kaɗan-kaɗan ina kallon layi. Ban kai shi mizani gaba ɗaya a ranar ba, don malamar ta ja kunne a kan haka: wanda ya shekara da shekaru bai ji siraran sautuka ba, idan ka sakar masa su lokaci guda, ƙarar takarda da ta cokali za ta dame shi ya sake cirewa. Ɗan ya koma bayansa ya yi magana a hankali. Dattijon ya amsa ba tare da ya waiwaya ba. Na ce, "Baba, yanzu fa?" Ya ce, "Yanzu mutane nake ji." Wallahi ranar na ji kwalliya ta biya kuɗin sabulu, har na tura wa abokan aiki cewa su yi rajista.

Sai dai da na ci gaba da sauran darussan, na so a ce ban yi saurin tura saƙon ba.

Babban abin da ya ƙona mini rai shi ne bidiyoyi da dama ba su da rubutun magana a ƙasa, wasu kuma an ɗauke su a ɗaki mai amsa-kuwwa, mai magana yana nesa da makirfo. A cikinmu akwai waɗanda su ma na'urar ji suke sakawa, da yawa ma larurar ce ta kawo su wannan sana'a. Wata abokiyar aikina irin haka ta bar darasi guda a tsakiya don ta kasa bi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutane miliyan 430 ne suke buƙatar kulawa saboda raunin ji, kuma su kansu masu kwas ɗin sun kawo wannan adadi a gabatarwarsu. Na rubuta musu ƙorafi, aka maido mini da godiya irin wadda ake aika wa kowa. Har yau ba abin da ya canza.

Darussan sababbin na'urori kuwa talla ce aka lulluɓe da sunan ilimi. Na so in ji yadda Auracast, sabuwar hanyar aika sauti kai tsaye zuwa na'urar ji ta Bluetooth, za ta zauna tare da tsohuwar hanyar da ake kira telekoyil a zaurukan taro, da yadda za mu karɓi wanda ya sayo na'urarsa da kansa, tunda Amurka ta halatta sayar da irin waɗannan ba tare da gwaji ba tun Oktoban 2022 ga manya masu ƙaramin rauni ko matsakaici. Abin da na samu wakilin wani kamfani ne yana jero sunayen fasahohinsu. Abin da ya fi muni, ya nuna kamar na'urar ji tana hana cutar mantuwa kai tsaye. Binciken ACHIEVE na 2023, wanda ya duba tasirin na'urar ji a kan ƙwaƙwalwar tsofaffi, bai ce haka ba. A jimillar mahalarta ba a ga bambanci ba cikin shekara 3, sai a rukunin da dama ya fi fuskantar haɗari ne aka ga raguwar ƙwaƙwalwa ta yi sauƙi da kashi 48 cikin ɗari. Labari ne mai daɗi, amma ba hujjar tsorata tsofaffi ba ne don su ciro kuɗi. Darasin ɗa'ar aiki yana nan kusa da shi a jeri, bai ko taɓa wannan batu ba.

Ga kuma alamomin da ke wajabta mana tura mutum wurin likitan kunne: ruwa ko mugunya, ciwo, jiri, raunin kunne ɗaya, da ɗaukewar ji farat ɗaya. Wannan na ƙarshen, wato asarar desibel 30 a matakan sauti 3 da ke jere cikin awa 72, gaggawa ce, domin maganin ya fi tasiri a makonni biyun farko. Mutum yakan fara zuwa wurinmu yana zaton datti ne ya toshe masa kunne. An wuce batun cikin 'yan mintuna, ba misali ko ɗaya, alhali an ba tallar can awa cur. Darasin toshe kunne ɗaya da ƙarar shuuu lokacin gwada ɗayan shi ma karatun allo ne kawai, an ambaci ƙa'idar desibel 40 da ke nuna lokacin da ya kamata a toshe, an wuce, ba a ɗauko jadawalin ji ko guda an warware shi a gabanmu ba. Tambayoyin ƙarshe kuwa kana iya maimaita su har sai ka ci, don haka wanda bai kalli komai ba ma zai fita da takarda irin tawa.

Ina rubutun nan raina yana ƙara ɓaci, don na ga abin da za su iya a darasin malamar nan, ke nan ba rashin iyawa ba ne. Wanda bai saba da awon cikin kunne ba, ko yake da na'urar awon tana shan ƙura, ya shiga don wannan darasin, ya kalle shi da natsuwa, ba zai yi nadama ba. Sauran awannin zan neme su a wani wuri a zagaye na gaba, inda za a ba ni kunne da jadawali in yi da hannuna. Su kuma ba zan koma musu ba sai sun saka rubutu a ƙasan bidiyoyinsu.