Allon lafiya lau yake, kod ɗin wutarsa ne ya cinye mini katin SD

Tauraro biyu na ba shi, kuma duka biyun na ƙarfen ne. Allon kansa, wato board ɗin kwamfutar da nake ba wa taurarin nan, ba shi da laifi, IC ɗin wutar da aka ɗora masa (ɗan guntun da ke raba wuta ga sassan allon) ma mai kyau ne, yana da buck da LDO isassu, wato hanyoyin da ke rage ƙarfin wuta zuwa abin da kowane sashe ke buƙata. Kanel ɗin Linux (zuciyar manhajar da ke sarrafa sassan allon) da kamfanin ya haɗo da shi ne ya ɓata mini rai, musamman yadda suka watsa kod ɗin ƙarfin wuta ko'ina.

Allon yana cikin rubuta bayanai a katin SD, da zarar fuskar nuni (screen) ta yi barci sai katin ya ɓace ɓat, dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, ya cika da kukan mmc0, wato mashigar katin, fayilolin da ake rubutawa su lalace. Na sauya kati, haka. Na duba /sys/kernel/debug/regulator/regulator_summary, ya nuna LDO ɗin da ke ciyar da katin a kunne yake. Na ɗora mita a ƙafar katin, babu wuta ko kaɗan. Wato kanel yana rantsuwa ya kunna abin da yake a kashe. Sai da na karanta rijistar IC ɗin (wurin da yake ajiye saitinsa) kai tsaye da umarnin i2cget, tare da -f saboda direba, wato kod ɗin da ke sarrafa IC ɗin, ya riƙe adireshin, sannan na ga an share bit ɗin da ke kunna LDO ɗin katin.

Wa ya share shi? Direban fuska. Rijista ɗaya ce ke ɗauke da makunnan LDO da yawa, kowanne da bit nasa. Wanda ya rubuta direban fuskar bai bi ta regulator_disable ba, hanyar da kanel ya tanada don kashe wuta. Ya karanta rijistar sau ɗaya lokacin tashi, ya ajiye ƙimar, duk sanda fuska za ta kwanta sai ya mayar da tsohuwar ƙimar gaba ɗaya ta I2C, layin da ake magana da IC ɗin ta kai. A lokacin da ya karanta, ba a riga an kunna wutar katin ba, don haka kullum da sifili yake dawowa. Da na bincika kod ɗin da grep sai na tarar har direban kyamara da wani fayil a arch/arm suna taɓa wannan IC ɗin da hannunsu, kamar gidan haya mai mita ɗaya da kowa ke zuwa ya ja makunni ba tare da ya tambayi maƙwabci ba.

Abin takaicin shi ne Linux ya daɗe da magance wannan. Tsarin regulator ya shiga kanel tun 2.6.27 a 2008, aikin Liam Girdwood da Mark Brown, regmap kuma, mai kula da karanta da rubuta rijista, ya biyo baya a 3.1 a 2011. Tsarin a bayyane yake: uwar direba tana zaune a drivers/mfd tana riƙe da hanyar I2C da regmap, ɓangaren wuta yana drivers/regulator, kowace hanyar wuta da regulator_desc nata mai faɗin enable_reg, enable_mask, vsel_reg da vsel_mask. Iyakokin allo, irin su regulator-min-microvolt da regulator-always-on, suna cikin device tree, fayil ɗin da ke bayyana wa kanel sassan allon. Direban kati ya nemi vmmc-supply, direban fuska ya nemi nasa, kanel ya riƙa lissafin masu amfani, ba ya kashe hanya sai mai amfani na ƙarshe ya saki. Ita kuwa regmap_update_bits tana kulle rijista ta sauya bit ɗin da aka nema kaɗai. Da sun bi wannan, da bayanaina suna nan.

Gaskiya dai masu amsa ƙorafinsu sun yi ƙoƙari. Ban sa rai ba, amma injiniyan da ya amsa mini ya gane matsalar tun daga saƙon farko, bai ce in sake kunna allon ba, ya turo faci, wato gyaran kod, da ya mayar da direban fuskar kan regulator_enable da regulator_disable. Na saka, katin ya daina ɓacewa. Har na fara tunanin in ƙara tauraro ɗaya, na ce wataƙila na yi musu zafi da yawa.

Sai na buɗe direban regulator ɗin nasu don in ga inda facin ya taɓa, ran ya sake ɓaci. Kowane buck da nasa set_voltage da get_voltage, an kwafa an liƙa, lambobi ne kawai suka bambanta, alhali regulator_set_voltage_sel_regmap da takwararta suna nan kyauta. Kuma a cikin kwafe-kwafen nan kuskure ya ɓuya. Buck ɗin CPU yana hawa da matakin 10mV har 1.2V, daga nan matakin ya koma 20mV, haka takardar bayanan IC ɗin ta ce. Su kuwa sun lissafa shi da mataki ɗaya daga ƙasa har sama. Idan cpufreq, mai daidaita gudun CPU, ya nemi 1.24V, abin da ke fita 1.28V ne, mita ta tabbatar. Layi biyu na linear_range da regulator_list_voltage_linear_range sun isa su gyara shi. Na tura musu wannan ma, an ce za a duba a fitowa ta gaba, direban kyamarar kuma har yanzu yana rubuta rijista da kansa, wato duk wanda ya haɗa kyamara yana iya cin karo da irin abin da na gani.

Yanzu na jefar da fayil ɗinsu, na rubuta nawa direban da jadawalin regulator_desc guda ɗaya, bai kai rabin tsawon nasu ba. Wanda zai saya don ya yi aiki da kanel ɗin da suka bayar, ya fara yin grep na i2c_smbus_write_byte_data a duk kod ɗin kanel ɗin kafin ya saka katin da ke da bayanai masu amfani.