Gatari Biyu, Garkuwa ko Babban Gatari: Wane Jarumin Viking Ya Cancanci Kuɗinka?

Siffar jarumin Viking kusan ɗaya ce a wasannin bidiyo: ƙato mai gemu, fatar dabba a kafaɗa, gatari a hannu. Bambancin yana cikin abin da wasan zai karɓe maka kafin ya ba ka wannan ƙarfi. Wani zai hana ka garkuwa, wani sulke, wani kuma ba zai buɗe ba sai da intanet. A nan ya kamata mai saye ya sa ido.

Wanda ya fi fito da cinikin a fili shi ne Barbarian, wato jarumin ƙarfi zalla, na Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian ya fitar a 2023. Makaminsa fushi ne. Idan ya hau, kowane sara yana samun ƙarin maki 2, kuma duka, suka da saran da aka yi masa rabinsu kawai ke kama shi. Fushin yana ɗaukar zagaye 10, amma yana sauka tun kafin nan idan zagaye ya wuce bai kai hari ba kuma ba a taɓa shi ba. Sau biyu kacal yake da shi a matakin farko kafin a yi dogon hutu, sau uku daga mataki na 3. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su tsinci sulke mai nauyi su ɗora masa. Nan take amfanin fushin ya lalace. Kariyarsa ta asali tana fitowa ne daga 10 haɗe da makin Dexterity (zafin nama) da na Constitution (juriyar jiki), don haka waɗannan biyun ake ginawa bayan Strength (ƙarfi). Reshen Berserker yana ba da ƙarin sara a cikin zagaye, sai dai kowane ƙari yana rage saitin hannu da maki 1, kuma ragin taruwa yake yi. Wannan wasa na mai haƙuri ne, domin faɗan bi da bi ake yi, kuma yana cin wajen gigabait 150.

Skyrim na 2011 bai san wani abu wai aji ba, wato rukunin jarumi irin Barbarian. Ka zaɓi ƙabilar Nord, ka samu kariya daga sanyi kashi 50 cikin 100, ƙwarewar makami mai hannu biyu ta fara daga 25, sauran kuma abin da hannunka ya saba da shi ne zai girma. Ka tsaya a Warrior Stone, wani dutse mai ba da albarkar mayaƙa, tun a farkon tafiya, ƙwarewar faɗa za ta riƙa hawa da ƙarin kashi 20. Mai riƙe makami a kowane hannu ba ya iya tare sara ko kaɗan, ga maharba da matsafa suna cin shi daga nesa. Gatari da garkuwa ya fi lafiya ga mai koyo. Haka kuma kariyar sulke tana tsayawa a kashi 80, wato kusan maki 567 idan an sa guda huɗu cikakku (na kai, jiki, hannu da ƙafa). Duk ƙarfen da aka ƙone a maƙera bayan nan asara ce. A ganina, wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ko netwok ɗinsa ke yawan tsinkewa, nan ya kamata ya fara.

Barbarian na Diablo IV, shi ma na 2023, yana yawo da makamai huɗu: babbar guduma, babban makamin sara, da ƙanana biyu. Daɗinsa a cikin taron abokan gaba yake, musamman da manyan hare-harensa irin su Whirlwind ko Hammer of the Ancients. Wahalarsa kuwa Fury, wato ma'aunin fushinsa, wanda sai an tara shi da ƙananan sara kafin a kashe a kan manya, shi ya sa matakan farko suke jan ƙafa har sai an buɗe ihun yaƙi irin su Rallying Cry. Makamai huɗu kuma na nufin gyara huɗu da kashe zinare huɗu. Wasan ba ya aiki sai da intanet ko da kai kaɗai kake bugawa, kuma jarumin da aikinsa shiga tsakiyar dandazo ne shi ya fi kowa cutuwa idan sadarwa ta yi jinkiri.

Mai son Viking na tarihi, ba na ƙasar aljanu ba, sai ya dubi Assassin's Creed Valhalla na 2020. Jarumin wasan, Eivor, ya bar Norway zuwa Ingila ta ƙarni na 9, kuma ƙwarewarsa ta kasu uku: Bear na gaba da gaba, Raven na sanɗa, Wolf na baka da kibiya. A reshen Bear ake samun damar riƙe manyan makamai biyu a lokaci ɗaya. Jini ba ya dawowa da kansa, sai da guzuri, sannan saran da ya kuskure da yawan kaucewa suna cinye numfashi. Ana iya janye makin ƙwarewa a sake rabawa kyauta, saboda haka kuskuren gini ba ya zama dindindin. Aibinsa tsawo: kai farmaki a gidajen ibada yana da armashi da farko, daga baya ya zama maimaici.

For Honor yana da jaruman Viking irin su Raider, Warlord, Berserker da Valkyrie, amma galibi wasan dambe ne da mutane a intanet. Yana da ɗan gajeren labari, sai dai ba wasan gina jarumi ba ne. Kada sunayen su ruɗe ka.

Kafin ka biya, duba girman wasan da gurbin da ya rage a na'urarka, ka tabbatar ko bugun da ake sayar maka ya haɗa da ƙarin labaran da suka fito daga baya. Skyrim, alal misali, Special Edition na 2016 ya zo da Dawnguard, Hearthfire da Dragonborn a ciki.