Wane linzamin kwamfuta za ka saya? Fara duba tayarsa

Masu saye sun fi tambayar DPI, wato ma'aunin saurin motsin kibiyar linzami a allo, alhali tayar gungurawa ce yatsa ke yini a kanta, kuma sau da yawa ita ke fara lalacewa.

Linzami mai araha yakan zo da taya mai haƙoran ƙarfe a ciki. Idan ƙura ta shiga, musamman a hunturu, ko ƙarfen ya goge, sai ka gungura ƙasa shafi ya yi tsalle sama. Canza direba, wato manhajar da ke haɗa linzami da kwamfuta, ba ya maganin wannan, sai a buɗe a wanke da ruwan goge kayan lantarki, ko a sauya ɓangaren. Taya mai aiki da haske ta fi daɗewa. Akwai kuma mai maganaɗisu, kamar ta Logitech MX Master 3, wadda ke sakin kanta ta yi ta juyawa. Ga mai dogayen takardu ta cancanci kuɗinta, ga mai duba wasiƙu kawai almubazzaranci ne.

Kowane linzamin USB zai yi aiki da direban HID, na gama-gari da ke zuwa a cikin tsarin kwamfuta, ba sai an sauke komai ba. Bambancin yana wajen saiti. A Windows, kowane taku na taya layi 3 ne, kuma ana sauya adadin a saitin linzami. Manhajar saiti ta Logitech, wato Logi Options+, ta Windows da macOS ce kaɗai, babu ta Linux.

A Linux kuwa sai an yi lissafi. Direban da ake amfani da shi yanzu libinput ne. Gungurawa mai laushi ta shigo da kernel (ƙashin bayan Linux) siga ta 5.0 a 2019, libinput ya karɓe ta a siga ta 1.19 a 2021, don haka tsohon tsari zai sa taya mai tsada ta zama kamar ta kowa. Cikin fuskokin Linux, KDE Plasma a kan Wayland (sabon tsarin nuna hoto a allo) yana da ma'aunin saurin gungurawa, saitin GNOME ba shi da shi. Tsohuwar dabarar imwheel, manhajar sauya saurin taya, ta tsohon tsarin X11 ce, kada ka dogara da ita a Wayland. Mai Linux ya fi samun sauƙi da linzamin da manhajojin saiti Solaar ko Piper suka sani, sai ya duba jerinsu kafin ya biya.

Mara waya fa? 'Yar na'urar Unifying ta Logitech, wadda ake sawa a ramin USB, tana ɗaukar kaya har 6, amma ba ta magana da kayan sabon samfurinta mai suna Bolt, ko da yake kamfani ɗaya ne. Idan kibiya tana sarƙewa, a matsar da na'urar daga kusa da ramin USB 3.0, domin yana yi wa zangon 2.4GHz kutse. Gajeriyar wayar ƙari takan wadatar.

A shago, ka buɗe dogon shafi, ka juya tayar a hankali taku-taku, sannan da sauri, sama da ƙasa. In shafin ya koma baya ko sau ɗaya, a ba ka wani.