Carbi, ma'aunin zafi ko manhaja: wace hanyar lura da jiki za ki zaɓa don tazarar haihuwa?

Mata da yawa da allura ko ƙwaya ta wahalar da su sukan ce sun koma "lissafi". To, lissafin kala-kala ne, kuma ba kowanne ke dacewa da kowace mace ba. Tushensu ɗaya: maniyyi kan rayu har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa ba ya wuce awa 24. Aikin shi ne gano waɗannan 'yan kwanakin, a haƙura da kusantar juna ko a sa kwaroron roba.

Mafi sauƙi shi ne carbin CycleBeads, wanda masana a Jami'ar Georgetown ta Amurka suka fito da shi. Ƙwayoyinsa 32 ne. Ja shi ne ranar da jini ya zo, kullum ki matsa zoben robar da ke jikin carbin zuwa ƙwaya ta gaba. Farare guda 12, wato rana ta 8 zuwa ta 19, su ne kwanakin ɗaukar ciki. Ba ya buƙatar boko ko caji. Sharaɗinsa kuwa ba sassauci: daga zuwan al'ada zuwa wata, tazarar ta tsaya tsakanin kwana 26 da 32. Idan taki tana yi miki wasa da kwanaki, ki bar shi. A amfani na yau da kullum, kusan mata 12 cikin 100 kan ɗauki ciki a shekara.

Wadda al'adarta ba ta da tsari, lura da danshin gaba ya fi mata. Akwai tsarin kwana biyu: idan kin ga danshi yau ko jiya, ranar ɗaukar ciki ce. Akwai kuma tsarin Billings, na wasu likitoci mata da miji a Ostareliya, inda ake lura da lokacin da ruwan ya zama mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Ba ki sayen komai, amma ki nemi ma'aikaciyar jinya ta koya miki, kuma ciwon sanyi kan rikita alamar.

Ma'aunin zafin jiki ne na fi jin tsoron a saya a ajiye. Bayan fitar ƙwai zafin jiki kan hau da digiri 0.2 zuwa 0.5 na ma'aunin Celsius kacal, don haka sai ma'auni mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ba na zazzaɓi da ke kemis ba. Ana aunawa kullum da farkawa, kafin a sauko daga gado. Ki tuna da tashin sahur, da goyo mai tashin dare, da zazzaɓin cizon sauro lokacin damina: kowanne na iya ɓata lissafin. Wadda ta iya haɗa shi da lura da danshi ta samu mafi inganci a cikinsu duka.

Manhajojin waya fa? Yawancinsu hasashen ranar al'ada kawai suke yi, ba a gina su don hana ɗaukar ciki ba. Natural Cycles ce hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2018, ita ma tana buƙatar awon zafi, ga kuɗin rajista.

Kafin ki kashe ko sisi, ki zauna da maigida. Kwanakin haila an riga an haƙura, ga wasu 12 a kai, kuma a gidan da ake rabon kwana, girkinki zai riƙa faɗawa cikin fararen ƙwayoyin nan. Idan bai amince ba, babu carbin da zai yi aiki. Mai jego kuwa ta jira al'adarta ta dawo ta daidaita kafin ta dogara da carbi. Wadda likita ya ce wani cikin zai iya taɓa lafiyarta, ina roƙonta ta je sashen tazarar haihuwa a nuna mata hanya mafi ƙarfi, domin waɗannan ba sa kai robar da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu tabbas, kuma ba sa kare cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.