Wata shida da na'urar kallo ta intanet a gidanmu na Jos

A lokacin sanyin da ya wuce, sa'ad da hunturun Jos yake tura kowa cikin ɗaki da zarar an idar da sallar isha'i, na yanke shawarar sama wa iyalina hanyar kallon finafinai ta intanet a talabijin ɗin falo, maimakon kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Talabijin ɗinmu ba ta zamani ba ce, ba ta hawa intanet da kanta, amma tana da kafar HDMI a bayanta, kuma wannan kafa ita kaɗai ake bukata. Na sayi ƙaramar na'urar Mi TV Stick ta kamfanin Xiaomi a wani shago da ke kusa da kasuwar Terminus, na biya kuɗin Netflix na wasu watanni, sauran lokacin kuma muka dogara da YouTube. Ga abin da na gani bayan wata shida.

Na'urar ba ta fi tsawon yatsa da rabi ba. Ana soka ta a bayan talabijin, a ba ta wuta ta waya irin ta cajin tsofaffin wayoyin hannu, sannan a haɗa ta da intanet ɗin gida, ko na ƙaramar na'urar MiFi ko na wayar hannu, a shigar da adireshin Google. Cikin kwata na awa na gama haɗa komai ba tare da na kira mai gyara ba. Rimot ɗinta yana aiki ko da ba a fuskantar da shi wajen talabijin ba, kuma yana da maɓallin da ke kai mutum Netflix kai tsaye. Abin da ya fi amfanar mu shi ne, mutum zai iya nemo bidiyo a wayarsa, ya danna alama guda, sai ga shi a babban allo. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan rubuta sunan shiri harafi bayan harafi da rimot. Ƙarfinta dai matsakaici ne, domin giga 1 ne ƙwaƙwalwar aikinta, ma'ajiyarta kuma giga 8, saboda haka ba a cika mata manhajoji, kuma iyakar kyan hotonta 1080p. Ga talabijin mai inci 32 irin tamu, wannan ya isa har ya yi saura. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, don haka ba ta ƙara wa ƙaramin sola ko inbata wani nauyi.

Kafin ita na taɓa sayen wani akwati marar sananniyar alama, wanda mai shagon ya ce mini, "Malam, wannan tashoshi sun fi dubu, kuma ba za ka sake biyan ko sisi ba." Makonni kaɗan tashoshin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuma akwai wasu da ba zan so yarana su yi karo da su ba. Irin waɗannan akwatuna da shirye-shiryen sata suke aiki, shi ya sa ba wanda zai ɗauki alhakinsu idan sun tsaya. Ina ba duk mai niyyar saye shawarar ya nemi na'urar kamfanin da aka sani, ko da ta fi tsada.

Netflix kamfanin Amurka ne da ya fara nuna finafinai ta intanet a 2007, ya kuma iso Najeriya a farkon 2016. Ta fuskar aiki ban ga abin kushewa ba. Hoto yana fita tas, idan sabis ya yi rauni manhajar tana rage kyan hoton da kanta maimakon ta tsaya cak, kuma duk inda mutum ya tsaya a fim, daga nan zai ci gaba washegari. Ana iya buɗe wa mutum biyar sashe daban-daban a rajista guda, a ware wa yara nasu, a kulle na manya da lambar sirri. Wannan tanadi na ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai, domin akwai finafinai da yawa a ciki da ba su dace da tarbiyyar gidajenmu ba, kuma bai kamata uba ya miƙa wa yaro rimot kafin ya zauna ya tsara wannan ba. Shirye-shiryen da suka shafi namun daji, teku da tarihi su ne suka fi burge ni, kuma yarana sun ƙaru da su. Sai dai mai saye ya lura cewa tsari mafi araha na waya ne kawai, ba ya hawa talabijin, kuma an ƙara kuɗin wata har sau biyu a 2024.

To amma kuɗin wata ba shi ne babban abin da ke cin aljihu ba, data ce, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa suke shiga ba tare da lissafi ba. Bisa bayanin Netflix da kansa, kallon awa guda da hoto mai inganci yana iya cin giga 3, mafi inganci duka kuma har giga 7. Gidan da ake kallon awa uku kowane dare da hoto mai inganci zai iya cinye giga 9 a dare ɗaya, wato kusan giga 270 a wata. A makonmu na farko na sayi datar da nake zaton za ta kai mu ƙarshen wata, a rana ta biyar sai ga saƙo cewa ta ƙare, domin ban san cewa na'urar tana jan hoto mafi kyau da sabis ya ba ta dama ba. Daga baya na shiga shafin rajistata ta waya, na mayar da ingancin hoton matsakaici, wanda bai wuce giga 0.7 a awa ba, sai lissafin wata ya sauko zuwa wajen giga 63. Daga kujerar da muke zama, bambancin hoton kaɗan ne. Na kuma kashe tsarin da ke sa kashi na gaba ya fara da kansa, saboda sau da yawa barci yana ɗauke mai kallo, shiri yana ta tafiya, data tana ta zuba. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya zama wajibi ga duk mai albashi. A waya ana iya sauke fim a ajiye a kalla daga baya, amma a na'urar talabijin babu wannan dama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun harshe. Daren farko mahaifiyata ta zauna tare da mu, ta lulluɓe da bargo, ina ta wuce mata hotunan finafinai ɗaya bayan ɗaya, na Amurka, na Koriya, na Indiya, na kudancin Najeriya. Can sai ta ce, "Wai duk a cikin nan babu masu yin Hausa ne?" Na ce, "Hajiya, bari in duba." Na duba, abin da na samu bai kai a ƙirga ba. Finafinan Najeriya suna da yawa a ciki, amma galibinsu da Turanci ne ko Yarabanci, kuma fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo ba ta amfanar wanda ba ya karanta Turanci. Wannan ya dame ni musamman a matsayina na mutumin Jos, garin da hedkwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya take, da makarantar koyon aikin fim ta ƙasa, garin da ya fitar da 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da yawa a masana'antar Kannywood. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Najeriya zuwa Nijar, Ghana, Kamaru da Sudan ya cancanci wuri mafi faɗi a irin waɗannan manhajoji.

Saboda haka YouTube ne ya zama abin kallon gidanmu na kullum. A can ne masu shirya finafinan Hausa masu dogon zango suke sakin sabon kashi mako-mako, a can ake samun tafsirin malamai da labaran sassan Hausa na gidajen rediyon duniya, kuma ba a biyan kuɗin wata, sai dai a yi haƙuri da talla. Shi ma ana iya rage masa ingancin hoto zuwa 480p, amma yana bukatar sa ido idan yara ne ke riƙe da rimot, domin daga wannan bidiyo zuwa wancan ba a san inda za a ɓulla ba. Akwai kuma manhajojin da aka gina domin masu jin Hausa, irin su Northflix da ta tashar Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014. Ba su kai Netflix yawan kaya ba, amma kuɗin da aka biya su yana da hanyar isa ga waɗanda suka sha wahalar yin fim ɗin, saɓanin fim ɗin da ake tura wa mutum a waya a bakin kasuwa ba da izinin mai shi ba. Ina ganin duk mai son ganin finafinanmu sun inganta ya kamata ya ware musu wani abu, ko ya kalli shirin a tashar mai shi ta asali.

Mai neman ƙwallon Ingila ko labarai kai tsaye kada ya sayar da dikodarsa saboda Netflix, domin ba don wannan aka gina shi ba.

Na'urar dai ta biya kuɗinta, kuma da za ta lalace yau zan sayi wata. Netflix kuwa na daina biyansa kowane wata, tunda ana iya dakatar da shi a dawo duk lokacin da aka so ba tare da tara ba. Yanzu ina biya ne a watannin hutun makaranta, lokacin da yara suke gida, in bar hoton a matsakaici. Sauran watanni rimot yana hannun Hajiya, wadda ta riga ta haddace daren da ake sakin sabon kashi na shirin da take bi.