Takarda a kan aiki ko ƙarfen awo a kan tebur: saita tsayin bakin yanka bayan canji a injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa

Malam, ga yadda na fahimci tambayarka. Injinka na sassaƙar ƙarfe mai mariƙin BT40 ne da kwamfutar Fanuc. Duk lokacin da ka canza bakin yanka, sai ka sauko da shi kan aikin, ka zura takarda tsakanin baki da aikin har ta kama, ka mai da Z, wato lambar hawa da saukar baki, sifili. Amma in baki na biyu ya bi bayan na farko a rami ɗaya, sai ka tarar da ɗan tudu a ƙasan ramin, har farce yana kama shi. Kana son ka san ko ka ci gaba da takardar kana ƙara kula, ko ka koma auna kowane baki daga wuri guda kana adana lambarsa.

Abubuwa biyu ne inji yake buƙatar sani, kuma hanyar takarda ta dunƙule su wuri ɗaya. Na farko: ina saman aikin yake? Wannan wurinsa Z na G54, gidan da inji yake adana sifilin aiki. Na biyu: nawa ne tsayin bakin da ke kan sipindil, wato sandar da ke juya baki, yanzu? Wannan wurinsa jadawalin ofset, inda ake adana tsayin kowane baki, wanda umarnin G43 da lambar H (lambar gida a jadawalin) suke kira. Mai sake sifili a kowane canji yana goge amsar tambaya ta farko ne domin ya amsa ta biyu. Mai auna daga wuri guda kuwa ya raba su: aiki da lambarsa, kowane baki da tasa.

Hanyar takarda ba ta cin ko kwabo, kuma a aikin baki ɗaya ko biyu babu abin da ya fi ta sauri. Matsalarta tana wurin abin da ake taɓawa. Da zarar bakin farko ya share saman aikin, wurin da ka ɗauki sifili ya zama ɓurɓushi, yana cikin tire. Baki na biyu sabon wuri zai taɓa, kai kuma sai lissafi a ka: na cire rabin milimita, to Z ɗin nan ba sifili ba ne. In ka nemi gefen da ba a share ba, ɗanyen ƙarfe ba shi da lebur, abin da ka samu a wannan kusurwa ba shi za ka samu a waccan ba. Ita kanta takardar A4 mai giram 80 kaurinta kusan milimita 0.1 ne, tana lotsewa, tana shan mai, kuma abin da hannunka ya kira "ta kama" da safe ba lalle shi zai kira da la'asar ba. Bambancin 0.02 ko 0.03 tsakanin baki da baki ya isa ya bar tudun da kake ji.

Ɗaya hanyar tana son abu guda wanda ba ya motsi. Ko dai ma'aunin nan mai agogo da ake sayarwa a tsayin milimita 50, ko ƙarfen 1-2-3, wanda gefunansa inci 1 da 2 da 3 ne, wato milimita 25.4 da 50.8 da 76.2. A ajiye shi a goggen wuri a kan teburin inji, wuri ɗaya kullum. Kowane baki ya taɓa samansa, a rubuta lambar Z ta inji, ba ta aiki ba, a gidan H mai lambar bakin. Sannan a auna tazarar da ke tsakanin saman ƙarfen awon da saman aikin sau ɗaya tak. Misali, ƙarfen awo 50 ne, saman aiki yana milimita 72 daga tebur, to Z na G54 zai zama 22. In aiki ya canza gobe, wannan 22 ɗin kaɗai za a taɓa, bakuna goma suna nan da lambobinsu. In kuma baki na huɗu ya karye a tsakiyar aiki, sai a ɗaura sabo, a auna shi kaɗai, a ci gaba. A hanyar takarda, wannan karyewar ce take sa mutum ya tsaya yana neman inda zai taɓa a jikin aikin da aka riga aka sassaƙe ko'ina.

Wani abu game da ƙarfen awo marar agogo da masu koyo suke yawan juyawa: ba a sauko da baki a kansa. Ana sauke bakin ƙasa da tsayin ƙarfen a gefensa, a riƙa ɗagawa da wilin hannu, a mataki na 0.01 in an kusa, har ƙarfen ya zame ya shige ƙarƙashi. Bakin kabayid yana da tauri amma ba ya jure dannawa, kusurwarsa takan ɓalle ba tare da ka ji ko ƙara ba.

Sai dai jadawali yana da nasa haɗarin, kuma ya fi na takarda muni. Kuskuren takarda na ɗigon milimita ne, kuskuren jadawali na dubun-dubatar naira ne. Ka ɗauka baki na ɗaya ya leƙo milimita 95 daga hancin sipindil, na biyu 128. In firogiram ya kira T2, wato baki na biyu, amma aka bar G43 H1, tsayin na ɗaya, inji zai ɗauka gajeren ne a kansa, ya nutsa da dogon milimita 33 fiye da inda aka nufa, da gudun G00 kuwa, mafi sauri. Injinan kamfanin Haas suna da saitin da ake kira Setting 15 da ke tsayar da inji in H da T ba su dace ba. A naka, ka mai da shi doka cewa lambar H ita ce lambar T, ka kuma duba cewa akwai G43 bayan kowane M06, umarnin canza baki. Kada kuma a cakuɗa salo biyu a jadawali ɗaya. Awon da na bayyana yana ba da manyan lambobi masu alamar ragi, domin nisa ne daga gidan Z, can sama inda inji yake da nasa sifilin, zuwa ƙarfen awo. Masu auna baki a wajen inji suna rubuta ainihin tsayinsa ne, lamba mai alamar ƙari. Kowanne yana aiki shi kaɗai, amma haɗa su a jadawali ɗaya karo ne.

Abin da ya raba gardamar a wurina shi ne mariƙi. BT40 yana zama a cikin sipindil a kan gangararsa ta 7/24, ya koma daidai inda ya tashi, muddin gangarar tana da tsabta kuma ba a kwance bakin daga kolet ɗin da ya matse shi ba. Saboda haka lambar da ka auna yau tana da amfani gobe, kuma kai da ke da BT40 kana zubar da abin da ka riga ka biya kuɗinsa ne duk sanda ka ɗauko takarda. 'Yan'uwa masu ƙananan injina da ake ɗaura baki kai tsaye a kolet ER11 ko ER20 na jikin sipindil, su lamarinsu daban: tsayi yana canzawa a kowace ɗaura, jadawali ba zai riƙe musu komai ba. Dole su auna bayan kowane canji, amma ko su ɗin gara su auna a kan maɓallin taɓawa da aka kafe a gefen tebur, da umarnin G38.2 da G43.1 a manhajar GRBL ko LinuxCNC, ko G31 a manhajar Mach3, maimakon a kan aikin.

Na'urar lantarki irin Renishaw TS27R tana yin wannan awon da kanta, har ta duba ko baki ya karye, amma ba ita ce farkon abin saye ba. Ma'auni mai agogo zai kawar da tudun naka. Ka bar sipindil ya yi ɗumi kafin ka auna, domin ƙarfe yana miƙewa in ya ɗau zafi, kuma a babban bakin share fuska ka nemi haƙorin da ya fi sauka. Kafin ka yarda da sabuwar lamba, ka kira bakin da G43 zuwa Z50 a saman aikin, kana tafiyar da firogiram layi-layi kuma da gudu a rage, ka zura ƙarfen awonka mai 50 a ƙarƙashinsa. In ya shige da ɗan gogayya, lambar daidai take.